Abincin Kare Mai Ɓacin Ciki

Mutane su kan ce kare ba ya ƙin abinci, kome aka jefa masa sai ya lashe. Galibi haka ne. Amma a kan sami wani, ko na farauta ko na tsaron gida, wanda in an zuba masa tuwo a kasko sai ya shinshina ya juya. In kuwa ya ci, kafin gari ya waye ya yi amai ko zawo. Maigidansa ya ce iyayi ne, ya ɗauko sanda. To, ba iyayi ba ne. Abin da a ke ba shi ne ya ke ɓata masa ciki, shi kuwa ya gane.

Babban mai laifi shi ne ragowar miyarmu. Cikin kare ba irin na mutum ba ne. Barkono da yaji suna ƙona masa hanji. Mai da kitse, in sun yi yawa, su kan sa shi amai da ciwon ciki mai tsanani. Amma albasa da tafarnuwa sun fi su mugunta, gama suna ɓata ƙwayoyin jininsa, ko ɗanyu ne ko dafaffu. Ba a ganin ɓarnarsu ran nan, sai bayan 'yan kwanaki ka ga kare ya yi laushi, ba ya iya bin zomo.

Waɗansu suna tsammani madara gata ce. Ga kwikwiyo mai shan nonon uwarsa, i. Amma in an yaye shi, ƙarfin narkar da zaƙin madara ya kan ragu a cikinsa, sai ta sa shi gudawa. Kindirmo kaɗan ya fi ta sauƙi, domin tsami ya riga ya cinye wani sashi na zaƙin nan. Ƙashin kaza dafaffe kuwa, kada ka ba shi ko kusa. Ya kan tsage kamar tsinke, ya soki hanji.

Akwai wani abu da ni ke so ka riƙe da kyau. Dusa ko gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna, wadda ba za ka ba iyalinka ba, kada ka ce bari kare ya ci. Cikin fumfunan nan akwai dafi mai lalata hanta. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai fumfuna, daga nan ne masana suka gano shi. Tafasa ba ta kashe dafin nan.

To, ƙaƙa za ka yi da kare mai zawo? In babba ne, bar shi ba abinci kamar awa 12, amma ruwa mai tsabta kada ya yanke a gabansa. Kwikwiyo ba a yi masa haka, ba shi da jimirin yunwa. Sa'an nan ka dafa shinkafa ta yi luguf, ba gishiri, ba mai. Ka zuba kashi 2 nata, da kashi 1 na tsokar kaza ko kifi da aka dafa a ruwa, aka cire fata da ƙaya. Ɗan dafaffen kabewa ba laifi. Kada ka tula masa gaba ɗaya, ka raba sau 3 ko 4 a yini. In bai ci ba bayan minti 20, ɗauke kaskon, kada kuwa yara su bi shi da ƙanzo don tausayi. Sa'ad da kashinsa ya daidaita, ka riƙa garwaya tuwon da ya saba ci kaɗan kaɗan, har kwana 7. Sauyin abinci farat ɗaya shi kansa ya isa ya kawo zawo.

Amma fa ba kowane ƙin abinci ne shinkafa ta ke warkarwa ba. Kare mai ci yana ramewa, da ƙaton ciki da busasshen gashi, galibi tsutsar ciki gare shi, sai magani. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi. In ya yi fari, ko ka ga jini cikin kashi, ko ya kwana 2 bai ci ba, kai shi wurin likitan dabbobi. Kwikwiyo mai amai da zawon jini kada ya kwana, gama akwai wata cuta da ta bayyana a duniya a 1978, tana kashe su cikin 'yan kwanaki.

In kuwa ya ƙi ci, halinsa ya sake, miyau yana dalala, ba ya iya haɗiya, to, kada ka sa hannu a bakinsa wai neman ƙashi. Mai yiwuwa haukan kare ne, mutumin da ciwon ya bayyana a jikinsa kuwa da wuya ya tashi. Kulle shi, ka hana yara zuwa wurin, ka aika a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Allurar riga-kafin karnuka ana yin ta a ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924. Ana yi wa kare ita in ya kai wata 3, a kuma maimaita kowace shekara.