Motsa jiki cikin ruwa: sauƙi ga masu ciwon fibromayaljiya

Ma'aikacin da ke fama da fibromayaljiya yakan wayi gari da ciwo ko'ina a jiki, ga gajiya da ƙarancin barci, alhali gwajin jini bai nuna komai ba. A 2017, ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta ce motsa jiki ne maganin da hujjarsa ta fi ƙarfi, amma tsoron tayar da ciwon kan hana farawa.

Ruwan da ya kai ƙirji yana ɗauke fiye da rabin nauyin jiki, ɗuminsa kuma yana sassauta tsoka. Ba sai an iya ninƙaya ba, tafiya cikin ruwan ta wadatar. A fara da 'yan mintoci bisa shawarar likitan gashin ƙashi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.