Rediyon Mota Mai Ɗauke Murya

Wata ranar Laraba mun shiga mota daga Ikara za mu cin kasuwar Makarfi. Direba ya kunna rediyo, muna jin labarai daga Kaduna. Da mota ta faɗa rami sai murya ta ɗauke. Ya kai wa rediyon mari, murya ta dawo. Haka aka yi ta yi. Garin mari na huɗu idonsa ya bar hanya, saura kaɗan ya buge wani yaro mai tura baron rake. Ya ce lalle gobe zai sayi sabon rediyo. Amma da aka duba a Makarfi, ashe waya ɗaya ce ta kwance.

Tun shekarar 1975 da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kayan sauti sun sake ƙwarai. Kaset ya ba filashi da wayar hannu wuri. Amma har yau yawancin ƙananan motoci da batir mai bolt 12 suke aiki, kuma ta siraran wayoyi wuta da murya suke bi. Motar da take shiga gonakin Kudan da Hunkuyi kwasar rake tana shan jijjiga. Ga ƙurar hunturu, ga laimar damina mai kawo tsatsa. Waɗannan su ne abokan gāban waya. Rediyon da ya mutu ba ya farfaɗowa don an mare shi. Wanda yake ɗaukewa yana dawowa kuwa, galibi lafiyarsa lau.

Saboda haka kafin ku kashe kuɗi, sai ku lura da abu uku.

Na fari, in murya ta ɗauke, fitilar fuskar rediyon tana mutuwa? In tana mutuwa, wuta ce ba ta isa gare shi. A duba fis, da kan batir, da wayoyi uku na bayan rediyon. A yawancin rediyon da ake saya a kasuwa, rawaya daga batir take, ja daga makulli, baƙa kuwa a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta. Baƙar nan ita ce ta kwance a motar direbanmu. A kankare tsatsa, a ɗaure ta tamau.

Na biyu, lasifika ɗaya ce take yin shiru, ko duka? In ɗaya ce, musamman ta ƙofa, ku buɗe ƙofar ku rufe a hankali rediyo yana kunne. Wayar da take bi ta cikin roba tsakanin ƙofa da jikin mota tana lanƙwasawa kullum, har ta karye daga ciki. In kuwa duka ne suka yi shiru, fitila tana ci, mai yiwuwa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Rediyo da yawa sukan yanke murya da kansu don kada su ƙone.

Na uku, yaushe abin yake faruwa? In a gargada ne, wani mahaɗi ya yi sako-sako. In sai an daɗe da ƙure murya cikin zafin bazara, zafi ne ya yi masa yawa. A rage murya, a bar masa hanyar iska. In sai an kunna fitilu da dare, a gwada batir da cajin mota. In filashi yana yi sumul amma tasha tana yankewa, laifin eriya ne.

Ga kashedi biyu. Kafin ku taɓa kowace waya, ku kashe mota ku cire kan batir mai alamar ɗebewa. Kuma kada ku yarda a naɗe fis da ya ƙone da waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. An yi fis ne domin ya ƙone maimakon mota. A sa sabo mai lamba daidai da tsohon. In shi ma ya ƙone, akwai wayar da take taɓa ƙarfe, sai a kai wa mai gyaran wayarin mota. Ku gaya masa amsar tambayoyin nan uku, ku roƙe shi ya haɗa waya da dalma, kada ya murɗa ta kawai ya naɗe da leda.

Maigida, in murya ta ɗauke kana tuƙi, ƙyale ta sai ka tsaya. Labarai za a maimaita su da yamma. Uwargida, ke ma in kina gaban mota, ki tuna masa. Yaron nan mai baron rake ɗan wani ne, ana jiransa a gida.