Bayani a Kan Kukan Tukunyar Dafa Ruwa ta Lantarki

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, musamman masu cinikin manyan tukwanen dafa ruwa, watau hita, irin na otal da asibiti da gidan wanki. Muna so mu yi bayani a kan ƙararrawar zafi, domin ta kan raba dillali da mai saye.

Ku sani kukan nan gargaɗi ne. Tukunya tana da masu gadi uku. Na fari ma'aunin zafi, wanda aka saba tsayarwa wajen digiri 60, ruwa ya kai nan ya yanke wuta. Na biyu makunnin kariya mai jan maɓalli, shi kan faɗi idan zafi ya doshi digiri 90, a nan ƙararrawa ke kuka. Na uku bawul mai fitar da ruwa, a tukwane da yawa yana buɗewa a digiri 99. To, in na biyu ya yi magana, lalle akwai dalili.

Ga yadda za a bi. A kashe wuta daga babban makunni tukuna. Sa'an nan a tari ruwa a famfo, a auna shi da wani ma'aunin dabam, kamar yadda mu masu hatsi kan gwada mudu da mudu in an yi gardama.

Idan ruwan ya yi zafi ƙwarai, ƙararrawa ta yi gaskiya. Galibi ma'aunin farko ne ya mutu, ko kuwa makunnin da ke ba tukunya wuta ya narke ya manne, har ba ya saki. Wuta mai rauni, da ta janareto mai hawa da sauka, tana sa shi karkarwa har ya manne. Sai a sake sabo.

Idan kuwa ruwan ɗumi ne kawai, a duba wayar ma'aunin, ko ta kwance ko ta ƙone, ko shi kansa ya goce daga mazauninsa.

Sai kuma ƙanzo. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin ƙanzo a jikin ƙarfen da ke dafa ruwan, zafi ya taru wuri guda, tukunya ta riƙa ƙugi. Maganinsa a zubar da ruwa, a wanke ƙarfen. Haka kuma in an ɗauke ruwa aka bar wuta a kunne, ko injin da ke zagaya da ruwan ya tsaya, ƙarfen zai gasu.

Abin da muke gargaɗi a kai shi ne aikin wasu masu gyara, da kan haɗe wayar makunnin kariya don kuka ya daina, ko su toshe bawul don yana ɗiga. Wannan ganganci ne. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura fiye da ninki 1,600, kuma tukunyar da ta fashe tana iya rushe bango, ta kashe mutum.

Saboda haka, dillali, kafin ka karɓi la'ada a kan tukunya ta hannu, sa mai gyaran wuta ya buɗe murfi a gaban mai saye, a ga masu gadin nan uku suna aiki. In babu ɗaya, a rage kuɗin gyara daga farashi, kuma kada a kunna sai an gyara. Wassalam.