Kwalli da Rubu'i a Rumbunan Andalus

Yau za mu leƙa rumbunan giyar inabi na ƙasar Sifaniya. Malam, kada ka kashe rediyon tukuna, kalmomi muka je nema, ba abin da ke cikin ganga ba.

Zangonmu garin Jerez ne, can kudu. Musulmi sun shiga Andalus a 711, suna kiran garin Sharish, har Sarki Alfonso na 10 ya karɓe shi a 1264. Wannan suna ne Turawan Ingila suka lanƙwasa ya koma sherry, sunan giyar garin.

Rumbun kansa bodega ake ce masa, daga apotheke ta Girkanci, wato ma'ajiya. A ciki za ka ga gwani yana zura wani ɗan ludayi mai dogon mariƙi cikin ganga, ya ɗaga hannu sama ya tsiyayo a kofi ba tare da ɗigo ya zube ba. Ludayin nan sunansa venencia, daga avenencia, wato daidaitawa, domin sai mai saye ya ɗanɗana kafin a ce an sallama. Ɗanɗanawar kuma catar ce, daga captare ta Latin, ƙoƙarin cafke abu. A tsohon Sifaniyanci ma'anarta dubawa, kuma har gobe ido ke fara aiki kafin harshe.

To, ga wadda ta fi ba ni mamaki. Alcohol asalinta al-kuhl ce ta Larabci. Kwalli ke nan, wanda iyayenmu mata ke zizarawa a ido! Haka ma Sifaniyawa suka san ta a da. Da yake kwalli gari ne mai laushi luƙui, sai masu haɗa magunguna suka riƙa kiran duk abin da aka tace tas da sunan, har a ƙarni na 16 likita Paracelsus ya laƙaba shi ga tataccen ruwan giya. Tukunyar tacewar ma, alambique, daga al-anbiq take.

Sai arroba, mudun masu wannan sana'a. Ar-rub'u ce, rubu'in nan namu. Gangar Jerez tana cin arroba 30, kimanin lita 500. Kai kuma mai waya a hannu, dubi ƙaramar alamar nan mai kewayayyen harafin a da ke tsakiyar adireshin imel ɗinka. Daga Madrid har Meziko, arroba suke kiranta.