Awon Gona A Kadawa

Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa da kewayen Kura da Bunkure, fili kuwa ya yi daraja. Saboda haka wajibi ne mai hayar gona ya san awo.

In gona murabba'i ce, watau gefenta huɗu tsawonsu ɗaya, sai a auna gefe guda a riɓa shi huɗu. Kewayenta ke nan. Hekta mita 100 ce kowane gefe, kewayenta mita 400. Eka kuwa wajen yadi 70, kewayenta wajen yadi 280.

Amma fa yadi ba mita ba ne. Yadi inci 36 ne, mita ta ɗara inci 39 kaɗan. Wanda ya sayi waya yadi 400 don shingen hekta guda, zai tarar da giɓin mita 34, ƙofar awaki ke nan.

Haka kuma in gefe ya ninku biyu, shinge biyu zai ninku, fili kuwa huɗu. Taki da iri da kuɗin haya fili suke bi, ba shinge ba. A auna tukuna, kana a yi ciniki.