Dillalin Cikin Waya: Yadda Google Ke Zaɓen Shagon da Zai Kai Ka

Baƙon da ya shiga Kantin Kwari ba ya yin taku goma wani matashi bai sha gabansa ba. "Alhaji, shadda ce ko atamfa? Leshin lefe ne? Zo in kai ka." Matashin nan ba shi da ko yadi ɗaya a kasuwar. Jarinsa sanin lungu da saƙo, da sanin wanda ya sauke sabon kaya jiya. In ciniki ya faɗa, la'adarsa tana wurin mai shago. Shagon da ke can ƙurya kuwa, wanda ba a rako masa baƙi, sai mai shi ya wuni yana korar ƙuda, komai kyan hajarsa.

Aikin Google ke nan, sai dai shi duniya ce kasuwarsa. Cikin kowane bincike goma da ake yi a intanet, kusan tara ta hannunsa suke bi. A shekarar 2023 kaɗai, tallan da ke fitowa a shafin bincikensa da sauran manhajojinsa irin su taswira da Gmail ya kawo masa kimanin dala biliyan 175. Kuɗin nan daga aljihun 'yan kasuwa suka fito, manya da ƙanana, kowa na son in an ce "zo in kai ka" a nufi ƙofarsa.

Hanya biyu ake bi a kai ga saman shafin. Ta farko ita ce biya. Wani Ba'amurke, Bill Gross, shi ya buɗe wannan ƙofa a 1998 da shafinsa GoTo.com, inda ya sa kalmomi a gwanjo: wanda ya fi tayi shi ne a sama, kuma ba zai biya ko sisi ba sai an latsa tallansa. Google ya fito da nasa tsarin, AdWords, a 2000, ya koma karɓar kuɗi a kan kowace latsawa a 2002, sannan ya sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018.

Ga yadda abin yake. Manomi ya rubuta "injin ban ruwa mai aiki da hasken rana". Kafin ya ƙifta ido an yi gwanjo an tashi. Kowane mai sayar da injin ya riga ya faɗi iyakar abin da zai biya a kan latsawa ɗaya. Amma ba kullum mai tayi mafi tsoka ke cinyewa ba, domin ana haɗa tayin da ingancin tallan: ya dace da abin da aka nema? Mutane sun saba latsa shi? Shafin da yake kaiwa yana ɗauke da abin da aka yi alkawari? Ba don tausayin talaka aka yi haka ba. Tallan da ba a latsawa ba ya kawo wa Google komai, kuma wanda aka kai shi inda ba kaya, gobe ba zai sake bin ɗan rakiyar ba. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa da ya iya tsara tallansa kan sha gaban babba, a farashi mai sauƙi.

Hanya ta biyu ba a sayenta, ita ce masu harkar ke kira SEO, wato gyara shafi yadda injin bincike zai fahimce shi ya kuma yarda da shi. Google yana da manhajoji masu yawo a yanar gizo dare da rana, suna bin mahaɗi daga wannan shafi zuwa wancan, suna kwafe abin da suka tarar suna zubawa a wani makeken kundi. In ka yi bincike, wannan kundin ake buɗe maka. Sauran aiki shi ne jeri: wa ke gaba, wa ke baya.

Dabarar da ta ɗaga Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford da suka kafa kamfanin a 1998, ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zuwa neman aure. Ba abin da mutum ya faɗa game da kansa ake dubawa ba, shaidar mutane ake nema. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka, ya shaide ka ke nan. Kuma shaida suna ta tara: ta dattijon unguwa guda ta fi ta 'yan zaman majalisa ashirin. Mahaɗi ɗaya daga babbar jarida ko jami'a ya fi ɗari daga shafukan da ba wanda ya san da zamansu. Wannan lissafi suka sa wa suna PageRank. Yau an ƙara ma'aunai masu yawa a kansa, har da saurin buɗewar shafi da yadda yake zama a fuskar waya, abin da ya shafe mu kai tsaye tunda yawancinmu da waya muke shiga intanet, data kuma ba ta arha.

Inda ake neman shaida, ba a rasa masu sayen shaidar zur. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga kundinsa na ɗan lokaci, saboda an cusa kalmomi a wasu shafuka da injin bincike ke gani amma mutane ba sa gani. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da suka ɗaga kantin J.C. Penney na Amurka sama a kan kaya iri-iri, nan da nan aka wurgo shi ƙasa. Daga nan aka fito da gyare-gyaren Panda a 2011 da Penguin a 2012, don kakkaɓe shafukan da ba su da abin kirki da masu sayen mahaɗi. In an yi wa BMW haka, ina ga mai shagon takalma? Don haka duk wanda ya zo ya ce ka ba shi kuɗi zai sa ka lamba ɗaya cikin mako guda, ka riƙe aljihunka. Google da kansa ya sha faɗa cewa ba mai iya ba da wannan tabbacin.

Abin da ya fi amfani ba ya cin kuɗi: sanin kalmomin da masu sayenka ke rubutawa. Mai ɗinki ya cika shafinsa da Turancin ƙawa, alhali mai nema "dinkin doguwar riga" ta rubuta, ba ma ƙugiya a kan harafin, ko ta gauraya Hausa da Turanci a layi ɗaya. Gwada rubuta sunan hajarka da ƙugiya da babu, ka ga wa ke fitowa. Wanda ba shi da shafi ma yana iya yin rajistar shagonsa kyauta a Google Business Profile, ya sa adireshi, lambar waya, lokacin buɗewa da hotuna, ya bayyana a taswira ga mai neman "mai gyaran waya kusa da ni".

Sai batun ƙidaya, wanda a ganina nan ne yawancin kuɗi ke zurarewa. A 2005 Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin, ya mai da manhajarsa Google Analytics, ya sake ta kyauta. Tana nuna mutum nawa suka shigo shafi, ta wace hanya, me suka duba, a ina suka juya. 'Yar'uwarta Search Console kuma tana nuna ainihin kalmomin da aka rubuta aka same ka. Matsalar ita ce adadin baƙi yana da daɗin kallo, yana kuma ruɗi. A ɗauka kana biyan naira 100 a kan kowace latsawa. Mutum 200 sun latsa, ka kashe 20,000. Huɗu ne suka saya. Ashe kowane ciniki ya ci maka 5,000. In ribarka a kan kaya ɗaya 3,000 ce, to kana ta murnar cikar shago ne alhali uwar kuɗi kake ci. Wannan lissafin, kuɗin da aka kashe a raba da yawan waɗanda suka saya, ya fi duk zane-zanen da manhajar ke nunawa muhimmanci.

A nan kuma muna da tamu matsalar. An gina waɗannan manhajoji ne don inda ciniki ke ƙarewa a kan shafi da katin banki. Namu cinikin a WhatsApp yake ƙarewa, ko a kiran waya, bayan an yi "nawa za ka bari?" an yi "albarka", sannan a tura kuɗi ta banki. Duk wannan manhajar ba ta gani. Ana iya saita ta ta ƙirga waɗanda suka latsa alamar WhatsApp ko lambar waya, ya kuma kamata a yi hakan, amma daga nan idonta ya rufe. Mai tattara bayanan baƙi ya kuma tuna cewa tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a; lambar wayar mai saye amana ce.

Ƙasa ma tana motsi a ƙarƙashin kowa. Tun watan Mayun 2024 Google ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman shafi, mai tambaya ya karanta ya wuce bai shiga shafin kowa ba. Mai rayuwa da rubutun bayani shi abin ya fi taɓawa. Mai sayar da injin ban ruwa da sauƙi, don amsa ba ta shayar da gona.

Tunda manhaja ba ta ganin cinikin da ya ƙare a waya, ɗan'uwa ɗan kasuwa, kafin ka tura wa Google ko wani mai tallata shafi ko kwabo, sayi littafi mai ganye arba'in ka ajiye kusa da akwatin kuɗi. Duk sabuwar fuska ko sabuwar lamba da ta yi ciniki, ka tambaya: "Hajiya, a ina kika ji labarinmu?" Rubuta amsar, da abin da ta saya, da ribar da ka samu. Ka yi wata guda cur kana yi, sannan ka zauna ka yanke inda kuɗin tallanka za su tafi.