Gem ɗin dambe na biyan kuɗin wata: kasuwa ce mai ɗorewa ko ta ɗan lokaci?

A watan Afrilun 2021, masu amfani da FitXR suka wayi gari da sabon tsari. Gem ɗin motsa jikin da ake saya sau ɗaya a kan kusan dala 30 ya koma na biyan dala 9.99 duk wata. Waɗanda suka riga suka saya an bar musu abin da suka biya, amma duk wani sabon darasi sai da kuɗin wata. Da yawa ransu ya ɓaci, suka cika shagon manhajoji na Oculus da ƙorafi.

FitXR na wani kamfani ne da ke Landan, kuma da sunan BoxVR aka fara saninsa. Mutum zai saka gilashin VR a fuska, ya riƙe rimot ɗaya a kowane hannu, ya riƙa kai wa abubuwan da ke tahowa naushi daidai da bugun kiɗa, yana sunkuyawa yana gocewa. Kafin minti ashirin gumi ya jiƙa riga. Gem ɗin yana aikinsa, amma ko mutane za su yarda su riƙa biyansa wata bayan wata?

Lissafin da kamfani ya yi

Dala 9.99 sau uku ta kusa dala 30. Ke nan duk wanda ya wuce wata uku yana biya ya fi wa kamfani riba a kan mai saya sau ɗaya, wanda kuma ya gudu a wata na biyu asara ce. A kan wannan wata ukun kasuwar gaba ɗaya take tsaye.

Kamfanonin suna da hujjarsu. Gem na yau da kullum ana gama haɗa shi a sake shi, iyaka a riƙa gyara kurakurai. Na motsa jiki kuwa kullum yana cin kuɗi: a biya masu horarwa, a tsara sabbin darussa, a biya haƙƙin waƙoƙi. Batun waƙa ba abin wasa ba ne. A 2019 kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙi sun maka Peloton, mai kekunan motsa jiki, a kotu suna neman dala miliyan 150, sai a 2020 aka sasanta. Ga kuma kason da shagon manhaja yake cirewa a kowane ciniki.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce halin ɗan Adam. Mutum kan fara motsa jiki da zafi, bayan mako shida gilashin ya koma cikin kwali. Gidan motsa jiki yana iya ɗaure mutum da yarjejeniyar shekara, amma soke kuɗin wata a manhaja danna maɓalli ne kawai. Peloton ta ga haka: ta yi tashe lokacin kullen korona, da aka buɗe gari hannun jarinta ya faɗi warwas, shugabanta John Foley ya sauka a Fabrairun 2022.

Ta biyu, akwai masu sayar da irin wannan haja a biya sau ɗaya. The Thrill of the Fight ya yi suna a kan kusan dala 10 kacal. Fitness Boxing na Nintendo Switch, wanda ya fito a ƙarshen 2018, ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya ba tare da kuɗin wata ba.

Ta uku, kafin a zo maganar gem sai an mallaki na'urar. Quest 2 ta fito a 2020 a kan dala 299. Ga matashin da samunsa da naira ne, wanda tuni yake fama da kuɗin data, ƙarin dala goma duk wata ba ƙaramin abu ba ne.

Darasin Supernatural

Supernatural ya fito a 2020 da farashin dala 19 a wata, ya ƙara sashen dambe a 2021. Meta ta ga alamar kasuwa ta nemi sayen Within, kamfanin da ya ƙirƙire shi. Hukumar FTC ta Amurka ta je kotu don hana cinikin a 2022, ba ta yi nasara ba, aka kammala a farkon 2023. An kuma sauke farashin zuwa kusan dala 10. Sai dai lissafin Meta daban ne, domin ita ke sayar da gilashin, kuma duk gem ɗin da zai sa a saye shi riba ce gare ta. Ƙaramin kamfani ba shi da wannan gatan.

To, za a ci riba? Ana iya ci, amma ga wanda ya mayar da gem ɗinsa al'adar mutane ta kullum: mai horarwa da aka saba da muryarsa, abokai da ake gasa da su, sabon darasi a kai a kai. Yawan waɗanda suka sauke manhaja ba ya nuna komai. Adadin da ya kamata mai haɗa gem ya sa wa ido shi ne mutum nawa ne har yanzu suke kai naushi a wata na huɗu.